An hana ni shiga bariki da babur ɗina saboda salansa, ku faɗa min gaskiya

Ɗan Auta:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina so ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba, don tun jiya raina a ɓace yake. Ni a bariki nake zaune wajen yayana, soja ne, shekara biyu kenan tun da na zo karatu. Watan jiya na haɗa 'yan kuɗina na sayi Boxer na hannu, mai tsafta, takardu cikakku, lamba tana jiki. Na kai shi gareji aka yi masa kwalliya, aka buɗe salansa don ya riƙa ƙara, aka cire madubai biyun nan, aka sa fitilu masu walƙiya ja da shuɗi a gaba, tankin kuma na sa aka yi masa fenti irin na kakin soja tunda dai gidan soja nake. Kuɗi sun tafi ba kaɗan ba.

Jiya da yamma ina isowa get sai MP, wato ɗan sandan soja, ya ɗaga min hannu, mutumin da kullum muke gaisawa fa, ya san ni ya san yayana, ya zagaya babur ɗin sau biyu ya ce wannan ba zai shiga ba. Na yi magiya na yi magiya ya ƙi, ƙarshe wajen wani mai shago na bar shi a waje na taka da ƙafa har gida. Yayana da ya dawo ko saurarona bai yi ba, cewa ya yi ko in mayar da shi yadda kamfani ya yi shi ko in sayar. Tambayata ita ce, kuɗina ne, babur ɗina ne, ban buge kowa ba, ina laifina?

Sarkin Gudu:
Wa'alaikassalam. Ba ka da laifi ko ɗaya wlh, ƙarfi ne kawai ake nuna maka. Kuma maganar salansa ni ina tare da kai ɗari bisa ɗari, ƙarar nan ita ke ceton rai, mai mota bai ganin babur amma in ya ji ƙara dole ya kauce. Sau nawa aka kusa matse ni a titi ƙara ce ta fidda ni

Mai Gareji:
Sarkin Gudu tsaya tukuna. Ɗan Auta ƙanena, shekarata goma sha takwas ina kwance injin babur, bari in ajiye maganar sojoji gefe in yi maka maganar babur ɗin kansa, don shi aka fara cuta kafin a zo get.

Salansa ba don shiru kaɗai aka sa ta ba. Kamfani ya auna iskar da ke shiga da man da kafireta ke bayarwa da hayaƙin da ke fita, duk ukun tafiya ɗaya suke. Ranar da ka huda salansa ko ka zare abin da ke cikinta, hayaƙi ya samu hanya fiye da yadda aka tsara, sai mai ya yi wa injin kaɗan iska ta yi yawa, injin ya riƙa ɗaukar zafi. Je ka kwance fulogi ka duba bakinsa, in ka ga ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa-ƙasa to abin da nake faɗa ne. Kuma in ka saki totur kana jin yana harbi tas tas tas ko? Yara suna murna da wannan harbin, ni kuwa in na ji shi na san nan da 'yan watanni za a kawo min shi bawul ya ƙone. Wanda ya san aiki in zai canza salansa sai ya gyara kafireta ta dace da ita, amma yawancin masu huda muku ƙusa da guduma kawai suka sani. Kuma injin da bai wuce cc 100 ko 150 ba, wane gudu huda salansa zai ƙara masa? Ƙara ce kawai ka saya, ƙarfin tashi ma raguwa yake.

Fitilun nan kuma na tabbata yanke waya aka yi aka murɗa aka naɗe da salatif. Damina na zuwa za ka gani.

Ɗan Auta:
Oga gaskiya yana harbin, kuma kwana biyun nan in na yi tafiya mai nisa zafin injin har ƙafata yake dukana. Na ɗauka haka Boxer yake

Mai Gareji:
Ba haka yake ba, Boxer na ɗaukar mutum uku da buhu a hanyar ƙauye bai yi wannan zafin ba

Baba Saje:
Assalamu alaikum. Yarona, na karanta abin da ka rubuta har sau biyu. Na yi shekara 31 cikin kaki kafin in ajiye, kuma na tsaya a get ba sau ɗaya ba, to bari in gaya maka abin da wanda ke tsaye a wurin yake gani, don kai daga kan babur kake kallon abin.

Da farko bariki ba unguwa ba ce. Gidan da kake kwana ba na yayanka ba ne, ba shi aka yi ya zauna, kuma duk wanda ya ajiye a ɗakinsa yana wuyansa. In ka yi laifi ba kai za a kira ba, kai farar hula ne, iyaka a ce ka fita. Shi za a kira gaban RSM, babban sajen da ke kula da ladabi a bariki, shi zai tsaya ƙam ana tambayarsa, in abin ya yi girma ya kwana a gadurum ko a karɓe gidan. Shi ya sa ka ga bai saurare ka ba, ba ƙiyayya ba ce, aikinsa da matsugunin iyalinsa ka ɗora a kan tankin babur.

Na biyu, fentin nan. Ko a cikin gari doka ba ta yarda farar hula ya sa kakin soja ba, kuma rundunar soja ta sha yin gargaɗi kan masu yi wa abin hawa fenti kalar soja. Ka haɗa fentin soja da fitila ja da shuɗi, me kake cewa mutane? Cewa kake ni jami'i ne ku ba ni hanya. Da ba su san ka ba, wallahi ba cewa za a yi ka juya ba, da kai da babur ɗin za a riƙe.

Na uku, ku yara ba ku san abin da babur ya jawo a ƙasar nan ba. A Maiduguri har hana hawansa aka yi gaba ɗaya a watan Yulin 2011 saboda a kansa ake zuwa a harbe mutum a gudu. A Kano bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013 aka hana goyo a babur, acaba ta mutu a birnin. A 2019 sojoji suka hana babur a dazukan jihohi bakwai, Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kebbi da Kaduna da Kano da Neja. Mu da muka yi aiki a shekarun nan mun binne abokai. Sojan da ke get da dare in ya ji tas tas tas daga nesa ba salansa ke zuwa masa a rai ba.

Sarkin Gudu:
Baba da girmanka, ni ban ƙi maganarka ba amma a yi adalci. Harin da aka kai cocin barikin Jaji a 2012 da mota aka kai shi ba da babur ba, amma ban ga an ce masu mota su sauko su tura ba. Mu kuwa shekara nawa muna sauka a shingen bincike muna tura babur cikin rana, tsoho da mai ciki duk a sauka, mai jeep kuma ya sauke gilashi ya ɗaga hannu ya wuce. Kullum talaka ne abin zargi don shi ke hawa babur

Baba Saje:
Wannan ka faɗi gaskiya kuma ba zan kare shi ba. Na ga an sa dattijo tsallen kwaɗo a shinge saboda bai sauka da wuri ba, abin ya dame ni har yau. Akwai yaranmu da ba su da tarbiyya, kaki bai gyara su ba. Amma ka duba maganar yaron nan, an mare shi? An sa shi gwale-gwale? An karɓi kuɗinsa? Cewa aka yi wannan babur ba zai shiga ba. Wanda ya tsayar da shi ma rufa masa asiri ya yi.

Maman Khalifa:
Ni dai bari in sa baki a matsayina na matar soja mai yara uku a bariki. Ɗan Auta ka yi haƙuri amma da ni ce a get ɗin ni ma ba za ka shiga ba. Ku ba ku san yadda layukanmu suke ba ne? Ƙofa na kallon ƙofa, yara na wasa a kan hanya tun safe har magariba don muna ganin nan ne wurin da ya fi ko'ina aminci. Maigidana in ya kwana a aiki da rana yake ramuwar barci, wasu kuma sun dawo daga daji ba su daɗe ba, ƙarar murfin tukunya ma firgita su take. Akwai maƙwabcinmu da in babur ya yi irin harbin nan sai ya zabura ya faɗo daga gado, matarsa ce ke gaya min tana hawaye. Har wajen magajiya muka kai ƙarar wasu samari bara a kan haka. Kai kana jin daɗin ƙara na minti biyu, mu muna kwana da abin da ta tayar

Ɗan Auta:
Subhanallah. Anti wlh ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma yayana ma bai cika shekara da dawowa daga can ba

Na Texas:
Slm jama'a, sai yanzu na tashi na ga zancen. Ɗan Auta, ni soja ne a nan Amurka kuma ina hawa babur, to don kada ka ɗauka sojojin gida ne kawai ke da tsanani bari in ba ka labarin nan, don wlh abin da aka yi maka kaɗan ne.

A nan tuƙi a cikin bariki alfarma ce da kwamandan barikin ya ba ka, a rubuce yake haka, kuma yana iya janyewa. Kafin soja ya hau babur ko da nasa ne sai ya yi kwas na koyon hawa, wanda wata ƙungiya da ake kira Motorcycle Safety Foundation ta tsara, a ba shi kati. Mu a sojan ƙasa cikin wata 12 sai ka koma kwas na gaba, bayan nan duk shekara 5 a sake sabunta maka. Kayan jiki kuma ba wasa: hular kwano mai tambarin ma'aikatar sufuri ta Amurka (DOT) a ɗaure a haɓa, tabarau na kariya ko gilashin hular, safar hannu mai rufe yatsu duka, riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmi mai rufe idon sawu. Silifas ko gajeren wando ko get ba za ka wuce ba. Fitilar gaba a kunne dare da rana, madubi biyu dama da hagu, ba a toshe kunne da abin jin waƙa. In ka iske sojoji suna tafiya a jere ko suna gudun safe sai ka sauko zuwa mil 10 a awa, wajen kilomita 16 kenan. Kowane laifi da makinsa, in ka tara 12 cikin shekara an karɓe maka tuƙi a bariki.

Abin da zai ba ka mamaki, dokar ba ta tsaya a get ba. A nan Texas wanda ya kai shekara 21 kuma ya yi kwas ko yana da inshorar lafiya yana iya hawa ba hular kwano, akwai ma jihohi irin Iowa da Illinois da ba su da dokar hular sam. Amma soja ko yana hutu ko yana garinsu dole ya sa, in ya faɗi babu ita za a yi bincike kuma yana iya shafar haƙƙoƙinsa.

Kuma ba haka kawai suka tashi suka tsananta ba. A 2008 sojojin Marine, wani reshe na rundunar Amurka, su 25 suka mutu a haɗarin babur cikin shekara guda, sun fi waɗanda aka kashe musu a yaƙin Iraƙi a daidai wannan lokacin, su 20. Kusan dukkansu a kan manyan baburan tsere ne, yara matasa sun dawo daga fagen daga da kuɗi a hannu sun sayi abin da ya fi ƙarfinsu. A shekarar ne aka fito da kwas na musamman don masu irin wannan babur.

Sarkin Gudu:
To amma ai Amurka ce gidan gyaran babur, muna ganin manyan baburan Harley a bidiyo da dogon kai da ƙara kamar jirgi. Su ba sojoji a cikinsu?

Na Texas:
Akwai sosai, rabin abokaina sun canza wani abu a nasu. Ba a hana gyara ba, abin da ake dubawa shi ne gyaran ya taɓa lafiya ko ya karya dokar jihar. Canza kujera, fenti, jakunkunan gefe, gilashin tare iska, ƙarin fitila fara, babu mai ce maka uffan. Amma a kamfani ma babur na titi ba a yarda ƙararsa ta wuce desibel 80 a ma'aunin ƙara ba tun 1986, in ka sa bututu zalla MP na iya rubuta maka takarda. Dogon kan nan da kake gani, a California hannunka bai kamata ya wuce kafaɗa da fiye da inci 6 ba. Fitila ja da shuɗi kuwa ta 'yan sanda ce da masu agaji, wannan ko a wajen bariki kama ka za a yi. Sannan a rukuninmu akwai saje da aka ɗora wa kula da masu babur, shi ke duba taya da birki da fitilu da mai da sarƙa da jiki da abin jingina kafin dogon hutu, ya sa hannu a takarda.

Maganar ƙara na ceton rai kuma, nan ma ana yinta har a riga suke rubutawa. Ni dai abin da na gani, bututu baya yake kallo, ƙarar bayanka take tafiya, motar da za ta kashe ka kuwa yawanci gabanka take, ta shawo kwana ta yanke maka hanya, gilashi a rufe waƙa na tashi. Fitila da birkin gaba ne suka fidda ni ba salansa ba.

Mai Gareji:
Allah ya biya ka da ka ambaci birkin gaba. Yaranmu tsoronsa suke, wai yana kifar da mutum, wasu har kwance wayarsa suke. Alhali kusan kashi 70 na tsayuwar babur daga gaba take zuwa, don in ka taka birki nauyi gaba yake komawa. Matsa shi ake a hankali ba fizga ba. Madubi kuma wanda ya cire shi sai ya waiwaya, kafin ya juyo yaro ya shigo gabansa

Ɗan Diffa:
Mu nan Nijar mun ɗanɗana, a Fabrairun 2015 da aka sa dokar ta-ɓaci aka hana moto, wato babur, a jiharmu, 'yan kabu-kabu da yawa suka rasa abin yi, manomi ya rasa abin kai kaya kasuwa. Saboda haka ina jin zafin da Sarkin Gudu ke ji. Amma ɗan uwa kai an bar ka ka hau naka, madubi da salansa kawai aka ce, da mu aka ba wannan zaɓin a lokacin da gudu za mu karɓa

Sarkin Gudu:
Fenti da fitila na sallama, wannan kuskure ne. Amma ni har yanzu abin da ke ci min rai shi ne ba a rubuta dokar a inda kowa zai gani. Na Texas ya lissafo nasu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa sai ka zo get ka ji ta a bakin wanda ke aiki ranar, gobe wani ya zo ya faɗi wata daban. Kuma sojojin da kansu nawa ne ke hawa ba hular kwano ba lamba? Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗura ta ce dole a sa hular, har mutane suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, yau wa ke sawa? In doka ce ta hau kan kowa

Baba Saje:
Dokokin zaman bariki a rubuce suke, ana karanta wa sojoji, kuma aikin soja ne ya gaya wa mutanen gidansa. Amma na yarda da kai allo a bakin get zai rage rigima, mai kawo kaya kasuwar mami ta bariki da ɗan makaranta da baƙo duk su gani. Sojan da ke hawa ba hula kuma shi ma laifi yake, na rasa wani kofur nawa a haka, a hanyar kasuwa ba a daji ba, ya bar mata da jariri.

Ɗan Auta, ga abin da za ka yi. Kada ka koma get kana gardama. Ka gyara babur ɗin tukuna, sannan ka ba yayanka haƙuri, shi zai kai ka inda ake rajistar abin hawa da takardun saye da na lamba da lasisinka. Kana da lasisi kuwa?

Ɗan Auta:
Baba ban yi ba tukuna

Baba Saje:
To da shi za ka fara.

Ɗan Auta:
Jama'a na dawo, kwana huɗu kenan. Na samo salansa ta asali ta hannu aka ɗaura, harbin ya daina kuma zafin ya ragu sosai, fulogin da aka kwance fari ne kamar yadda Oga ya faɗa sai da aka canza. An mayar da madubai, an cire fitilun, tanki an yi masa baƙi. Na sayi hular kwano, lasisi kuma na cike takarda ina jira. Na ba yaya haƙuri, bai ce komai ba amma da safe shi ya tashe ni ya ce in shirya takardun. Babur ɗin na nan waje wajen mai shago har sai lasisin ya fito.

Saura abu ɗaya, Oga Mai Gareji, wanda na saya a hannunsa ya yi wa kariyar baya, wato wurin ɗora kaya, ƙari da walda ta yi tsawo, ina ɗora jarkar ruwa biyu a kai. Ita ma in cire?

Mai Gareji:
In ƙarin ya wuce tsakiyar tayar baya sosai to duk nauyin da ka ɗora yana ɗaga gaba ne, kan zai riƙa rawa a hannunka musamman a yashi ko kwana, kuma waldar kan tsage a inda ta haɗu da jiki. Duba ma ko ta rufe fitilar birki ko lamba, don in ta rufe za a sake tsayar da kai. Ɗauko hotonta ta gefe da ta baya ka turo in gani, jarkokin kuma ka riƙa rataya su ɗaya dama ɗaya hagu kafin nan